Darasi na 9: Farfaɗo da Tsohon Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

Akwatin kifi gida ne na gilashi da ake cika wa ruwa, a saka kifaye masu launi a ciki don kallo. Ana ganinsa a otal-otal da ofisoshi da falon wasu gidaje. Iri biyu ne. Akwai na ruwan daɗi, wanda ake zuba wa kifin kogi da na tafki, akwai kuma na ruwan gishiri, wanda ake kwaikwayon teku a cikinsa. Na biyun ya fi ɗaukar ido, ya fi cin kuɗi, ya kuma fi saurin gajiyar da mai shi. Shi ya sa ake yawan samunsa na hannu da araha: kifayen sun mutu, mai shi ya gaji, ko ya tashi daga gidan, an jingine akwatin a bayan ɗaki yana shan ƙura.

A wannan darasi za mu bi aikin farfaɗo da irin wannan akwati daga ciniki har zuwa ranar da kifin farko zai shiga. Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, mai sayen tsohon akwati yana ɗaukar gilashin tare da duk abin da aka taɓa yi a cikinsa, kuma mafi yawan lahanin ido ba ya ganinsa. Yana ɓoye a haɗin gilashi, da cikin ramukan dutse, da cikin ruwan da ke ɗaukar ido don haske.

Kafin a biya kuɗi

A fara da tambaya. Shekara nawa akwatin ya yi? Tun yaushe aka zubar da ruwansa, kuma a ina aka ajiye shi? Wanda ya daɗe a bushe, musamman a rana, abin zargi ne, domin haɗinsa kan yi rauni. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki. Masu kiwon kifin teku suna amfani da irin wannan magani wajen kashe ƙwayar cutar da ke fito wa kifi da fararen ɗige-ɗige a jiki. Kifi yana jure shi gwargwado, amma jatan lande da kaguwa da katantanwa da murjani mai rai ba sa jure ko kaɗan. Dutse da yashi suna shanye jan ƙarfen, su riƙa sakinsa a hankali har tsawon watanni. Idan amsar i ce, a ɗauki gilashin da injinan, a bar wa mai shi duwatsunsa.

Daga nan sai dubawa, kuma da rana tsaka ake yinta, ko da tocila mai ƙarfi. A bi kowane gefe da ɗan yatsa da ido. Ƙarzuwa a fuskar gilashi muni ce kawai, ba ta sa yoyo, sai dai fitar da ita wuya gare ta. Wadda farce ke maƙalewa a cikinta ta zauna ke nan, dabara ita ce a juya wannan fuska ta koma bango. Tsagewa kuwa, komai ƙanƙantarta, ta kashe wannan fallen gilashi, sai an canja shi. Ɓantarewa a kusurwa, inda falle biyu suka haɗu, ita ma haɗari ce. A duba sandar da ta gitta bakin akwatin daga gaba zuwa baya. Aikinta hana dogayen fallayen bankarewa idan ruwa ya cika, don haka idan ta karye ba a zuba ruwa sai an maye gurbinta.

A tabbata kuma gilashi ne na gaske. Akwai akwatunan da ake yi da wata roba mai haske da ake kira akirilik. Sun fi sauƙin nauyi, amma reza tana ƙarzarsu, asiton yana lalata su, silikon, ɗankon haɗa gilashi, kuma ba ya kama su sosai. Abin da za a faɗa nan gaba na gilashi ne.

Nauyi

Ɗan lissafi kaɗan yana hana ɓarna babba. A auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yawan lita. Akwati mai tsawon 120, faɗin 45, tsayin 45 yana cin lita 243. Litar ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya, wato ruwan kaɗai ya kusa kilo 250. Idan kaurin gilashin milimita 10 ne, shi ma ya kai kilo 50. Kilo 300 ke nan, nauyin buhun siminti shida, tun ba a sa dutse da yashi ba. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Idan akwatin ya zo da mazauninsa, a duba shi da kyau: katakon da aka matse daga gari yana kumbura idan ya sha ruwa, ƙarfe kuma gishiri yana cinsa ta ƙasa. A sa ma'aunin daidaito irin na magina a tabbata bai karkata ba, domin akwatin da ya zauna a karkace yana jibga wa kusurwa ɗaya nauyin da ya kamata huɗu su raba. Kuma ba a ɗaga akwati da ruwa ko yashi a cikinsa, ko da kaɗan ne.

Wanki

Tsohon akwatin ruwan gishiri yakan zo da farin ɓawo mai tauri a jikin gilashi, wani wurin ruwan hoda ko shanshanbale. Alli ne, da ragowar wata gansakukar teku mai gina jikinta da alli. Tsami ne maganinsa. A jiƙa tsumma da farin ruwan khal, a manna a wurin, a bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan a kankare da sabuwar reza a kwance. Garin asid na sitirik da aka narka a ruwa shi ma yana yin aikin.

Sabulu da omo da maganin goge taga ba sa shiga akwatin kifi, ko sau ɗaya. Suna barin saura a lungu da jikin silikon, ragowar kuma tana ƙona wa kifi matattarar numfashinsa. Bokiti da soso da tsumman aikin su zama sabbi, a keɓe su, kada a bari su koma wanke-wanke. Wani gargaɗi da ya shafi rai: ba a taɓa haɗa ruwan khal da bilic. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe mutum.

Silikon

Nan ne zuciyar aikin. An buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan namun daji na Landan a 1853, amma fiye da shekara ɗari bayan haka akwatunan gida galibi masu firam ɗin ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya shiri da gishiri. Sai a shekarun 1960, da silikon ya wadata, aka samu haɗa gilashi da gilashi kai tsaye, kiwon kifin teku a gida ya zama abin da mai matsakaicin hali zai iya. Wannan ɗanko shi ke riƙe da kilo 250 ɗin nan dare da rana.

Silikon ɗin akwati wuri biyu yake. Akwai siririn da ke tsakanin falle da falle, wanda shi ne ke riƙe ginin. Akwai kuma mai kaurin da aka shafa ta ciki a kowace kusurwa, wanda ke kare na farkon daga ruwa. A kalli na tsakanin ta gefen gilashi. Idan ya fito garau babu kumfa, ginin lafiya yake. Idan an ga fararen tabo ko jerin kumfa ko wurin da ya rabu da gilashi, akwatin yana bukatar a wargaza shi falle-falle a sake haɗawa, wannan kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, musamman ga babban akwati. A kai wa gwani, ko a haƙura da cinikin. Araha ba ta ado.

Na cikin kusurwa shi ne wanda kowa zai iya canjawa. Idan ya bushe, ko gefensa yana ɗagowa da farce, ko ya rine da shuɗi saboda magani, lokacinsa ya yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa sabo a kan tsoho, ko a yanke wurin da ya lalace kawai a cike. Sabon silikon ba ya kama wanda ya riga ya bushe. Zai zauna a kai kamar ya kama, ruwa kuma ya sami hanya ta tsakaninsu. Saboda haka duka ake cirewa, kusurwoyi huɗu na tsaye da huɗu na ƙasa, a sake su a zama ɗaya.

Ana kwantar da reza a jikin gilashi a tura ta zuwa kusurwa, a yi haka ta ɗaya fallen, sai silikon ya fito kamar igiya. A kiyaye kada bakin rezar ya kutsa tsakanin fallayen ya yanki wanda ke riƙe ginin. Bayan an cire mai kaurin, akwai wani siririn fim da ke saura wanda da ƙyar ake ganinsa, kuma shi ne ke cin lokaci. A riƙa canja reza, a riƙa haska tocila ta gefe, a kankare har sai yatsa ya ji gilashi zalla. Sannan a share ɓarɓashi, a goge da asiton ko sifirit a wuri mai iska, a bar shi ya bushe. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, domin maiƙon hannu ma yana hana kamu.

Wajen saye a karanta jikin kwalin. Silikon zalla ake so, wanda aka rubuta ya dace da akwatin kifi. Na banɗaki da na kicin galibi an sa musu maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. Wanda ya dace yakan yi warin khal mai ƙarfi idan an matso shi.

A liƙa tef ɗin takarda irin na masu fenti a gefe biyu na kowace kusurwa, a bar tazarar kamar rabin santimita zuwa santimita ɗaya. A fara da ƙasa, a matsa silikon a layi ɗaya ba tsayawa, a hau kusurwoyin tsaye, a bi da yatsa cikin safar hannu a lallashe shi ya shige lungu. Cikin 'yan mintoci yake fara yin fata, don haka gara mutum biyu, ɗaya na matsawa ɗaya na shafewa. A cire tef ɗin nan take tun silikon na ɗanye. Kwali yakan ce awa 24 ko 48 ya isa, amma mai kauri yana bushewa ne daga waje zuwa ciki, kuma laimar iska ce ke busar da shi, wato a busasshiyar iskar hunturu ya fi jinkiri. A ba shi mako guda, har warin ya ɓace gaba ɗaya.

Gwajin yoyo a tsakar gida ake yinsa, a kan daɓe mai daidai, da ruwan famfo kawai. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, domin ɗigo ɗaya zai nuna a jikinsu. A cika kashi ɗaya cikin uku, a dakata, a ƙara, har ya kai baki. Dole ya kai baki, saboda ƙarfin da ruwa ke tura gilashi da shi yana ƙaruwa ne da zurfi, akwatin da ya riƙe rabi yana iya saki idan ya cika. A bar shi kwana biyu ko uku, a kuma hana yara zuwa kusa.

Dutse, yashi da injina

Tsohon yashi a zubar. Ya tara kashin kifi da ragowar abinci na shekaru, idan aka motsa shi yakan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, wankinsa kuma ya fi sayen sabo wahala.

Dutse ya cancanci a cece shi, don yana da tsada, kuma a ramukansa ne bakteriyar da ke tsabtace ruwa take zama. Amma a nan akwai haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu ƙananan halittun murjani masu laushi, masu kama da fure a jikin dutse, suna ɗauke da wata guba da ake kira falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto kan mutanen da suka kamu da zazzaɓi da sarƙewar numfashi a jihar Alaska bayan sun yi mu'amala da irin wannan murjani a gidaje da shaguna. Saboda haka ba a dafa dutsen akwati, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ba a goge shi da buroshi a cikin ɗaki. A yi aikin a waje, da safar hannu da tabarau da takunkumi. Safar hannun tana da wani amfanin: ruwan akwati yana iya ɗaukar bakteriyar da ke shiga ta ƙaramin rauni ta haifar da gyambo mai wuyar warkewa.

Dutsen da ya riga ya bushe, duk abin da ke cikinsa ya mutu. A jiƙa shi a bilic marar turare, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, na 'yan kwanaki. A ɗauraye sau da yawa, a sake jiƙawa a ruwa mai maganin cire kulorin, a shanya a rana har sai hanci bai ji komai ba.

Famfunan tura ruwa da injin kwashe kumfa a kwance su, a jiƙa a ruwan khal, a goge. A duba maganaɗisun da ke juya farfela; idan ya kumbura ko ya fashe yana tsatsa, a canja. Waya mai tsagewa ba a naɗe ta da tef, jefar da ita ake yi, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba. Kowace waya ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau zuwa gare shi, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa. Tsohon abin ɗumama ruwa kuwa ba abin yarda ba ne, yakan maƙale a kunne ya dafe kifi.

Haɗa ruwan

Gishirin miya ba ya yin ruwan teku. A kowace litar ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin na girki. Sauran maganiziyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasunsu, waɗanda ke riƙe ruwan kada ya yi tsami, halittu kuma su gina ɓawonsu da su. Ana sayar da haɗaɗɗen gishirin akwatin kifi a buhu ko bokiti. Lita 243 za ta ci kilo 8 da rabi ko ɗan fiye.

Ruwan da za a haɗa da shi ma abin lura ne. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiya da na burtsatse suna zuwa da ma'adinan da ke ciyar da gansakuka. Wanda ya fi shi ne wanda aka tace da matatar RO, irin wadda wasu masana'antun ruwan gora ke amfani da ita. A zuba ruwa a roba mai tsabta tukuna, sannan a barbaɗa gishiri a kai, famfo yana juyawa, a bar shi ya kwana. Ba a auna gishiri da harshe. Akwai ma'auni mai allura, akwai kuma wanda ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta ido, wanda ya fi daidai. Lambar da ake nema tana wajen 1.025.

Makonnin jira

An jera duwatsu, an zuba yashi, ruwa ya kwanta ya yi garau, famfo na aiki. A nan ne zuciya take cewa a je a sayo kifi, a nan ne kuma aka fi yin asara. Kifi yana fitar da amoniya ta matattarar numfashinsa da kashinsa. Amoniya guba ce, kuma a ruwan teku, wanda ma'aunin tsaminsa ke wajen 8.2, dafinta ya fi na ruwan daɗi. Wata bakteriya ce ke juya ta zuwa naitirait, wata kuma ta juya naitirait zuwa naitiret, wanda ba shi da lahani sosai sai ya taru. Akwatin da aka wanke tas ba shi da waɗannan bakteriya, sai an rene su.

Ana renonsu da jefa ɗan abincin kifi ko guntun ɗanyen jatan lande a bar shi ya ruɓe. Ana auna ruwan kowane kwana biyu ko uku da kayan gwaji masu canja launi. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka. Ranar da su biyun suka koma sifili, naitiret kuma ya bayyana, akwatin ya nuna. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne. A tsakanin nan wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi. Ba lalacewa ba ce, tana wucewa da kanta.

Sai a canja wani kaso na ruwan, a saka kifi ɗaya ko biyu, a dakata makonni kafin ƙari. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, ya dace da mafari, domin ana ƙyanƙyasarsa a gonakin kifi kuma yana da juriya. Wanda aka ƙyanƙyasa ya fi wanda aka kamo daga teku. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda ke kashe murjani ta kuma bar kifin da ciwon da sai ya isa gidan mai saye yake kashe shi.

Zafi da ɗaukewar wuta

Kifin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40, don haka a wajenmu sanyaya ruwa ya fi ɗumama shi zama matsala. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa, ruwan gishiri kuma dama bai kai na daɗi riƙewa ba: a digiri 25, na daɗi yana ɗaukar miligiram 8 da ɗoriya a lita, na teku bai kai 7 ba. Idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya a daren zafi, 'yan awoyi sun isa kifi ya fara haki a saman ruwa. Wanda ba shi da sola ko inbata, ko aƙalla ƙaramin injin hura iska mai batir, gara ya jinkirta sayen kifi har ya tanada. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana rage zafi da digiri ɗaya ko biyu, sai dai tana ƙara ƙafewar ruwa.

Ruwan da ya ƙafe ya tafi ya bar gishirinsa a ciki. Saboda haka da ruwan daɗi tatacce ake cike gurbinsa, kullum, kaɗan-kaɗan, zuwa alamar da aka yi a jikin gilashi. Ruwan gishiri ana zuba shi ne kawai idan an ɗebi na ciki an zubar, kamar kashi goma cikin ɗari kowane mako ɗaya ko biyu.

Aiki

1. Akwati yana da tsawon santimita 90, faɗin 40, tsayin 50. Lita nawa yake ci? Kilo nawa na gishiri zai buƙata a kan giram 35 kowace lita?

2. Mai akwati ya ce ya taɓa zuba maganin jan ƙarfe. Me za ku ɗauka, me za ku bari, kuma don me?

3. Me zai faru idan aka yi wata guda ana cike ruwan da ya ƙafe da ruwan gishiri?

4. Ku nemi guntayen gilashi biyu a wajen mai yankan gilashi, ya goge muku bakinsu. Ku shafa silikon a kan ɗaya, ku bar shi kwana uku, sannan ku shafa sabo a kan busasshen. A ɗayan ku shafa sabo a kan gilashin da aka goge da sifirit. Bayan mako guda ku ja kowanne da farce, ku kawo su aji ku faɗi abin da kuka gani.